Haƙurin Kwana Bakwai na Anti Kwansima

Yarinyar ta zo duniya ranar Alhamis, saboda haka sunanta Aba, don a al'adarsu ranar haihuwa ce ke ba mutum sunansa na farko, wannan kam babu mai canza shi. Sai dai Aba ba sunan da mutum zai tsaya a kansa ba ne a garin Anomabo. Ka je bakin teku da safe ka ƙwala kiran Aba, mata ashirin za su waiwayo, rabinsu suna harararka don ka katse musu ciniki. Kafin ka gama buɗe baki ma sunan ya ƙare. Abin da ke riƙe mutum shi ne na biyun, wanda uba ke zaɓa a rana ta takwas, sunan wani babba da ake so yaro ya ɗauko halinsa. A nan ne Anti Kwansima ta yi shekara arba'in tana shan kaye.

Ita ce goggon gida, don haka ita ke karɓar jariri a cinya ranar suna, uban ya raɗa mata sunan a kunne, ita kuma ta faɗa wa jama'a. Yara ashirin da uku ta yi wa haka, goma sha ɗaya mata. Ƙanwarta Baawa, wadda ko kaza ba ta iya kora daga kan masararta, ta samu takwara shida. Wata malamar makaranta, ba dangin iya ba na baba, ta samu ɗaya. Har wata kaka da ta mutu tun kafin a kawo wutar lantarki garin an tono sunanta an ba wata. Kwansima kuwa ko ɗaya, ko da kuskure.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, bakinta ne. Sana'arta bandar kifi, amma abin da aka fi saninta da shi daga Anomabo har Mankessim shi ne wanke mutum tas ba tare da ta ajiye kifin da ke hannunta ba. Ta taɓa sa direba ya kashe mota ya sauka ya ba fasinjoji haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa tsayar da fasto a tsakiyar wa'azi ta sanar da shi cewa wannan ya yi shi watan jiya. Shekara biyu da suka wuce, a taron matan coci, ta yi wa Madam Essilfua, matar mai kwalekwale bakwai, wankin babban bargo, har Madam ta fice ta bar jakarta da takalmi ɗaya. In ka tambayi Kwansima abin da Madam ta yi a ranar, sai ta daɗe tana tunani. Wata magana ce dai da Madam ta yaɓa wa Kukua, uwar jaririyar nan, matar Fiifi, lokacin da cikinta na fari ya zube. Mutanen da ta tsefe sun yi yawa, ba za ta iya riƙe dalilin kowa ba. Dangi suna jin daɗi in ta shiga musu faɗa a kasuwa, amma babu mai son ya haifi irinta a ɗakinsa.

Fiifi ɗan marigayi wanta ne, ita ta raine shi, don Allah bai ba ta nata ba. Yanzu shekarunta sittin da takwas, sauran 'yan'uwansa duk sun gama haihuwa, Kukua kuma aiki aka yi mata, likita ya ce daga wannan a rufe. Aba ce ta ƙarshe. A ƙasan akwatin Kwansima, cikin gwangwanin hoda, akwai wani ɗan zoben zinariya da ta saya tun tana da ƙarfin ɗaukar kwandon kifi biyu, irin wanda mai suna ke ba takwararta. Ba ta tsoron mutuwa. Abin da take tsoro shi ne ranar da za a binne ta a binne sunan tare da ita, a wayi gari babu wata uwa a Anomabo da za ta leƙo ƙofa ta ƙwala kiran Kwansima.

Ranar Juma'a da hantsi Baawa ta same ta a bayan murhun banda, ta juya baya tana fuskantar teku tana magana ita kaɗai.

"Aba Kwansima. Aba Kwansima! Zo nan don ubanki!"

"Yaya, da wa kike?" in ji Baawa.

"Gwaji nake. Ji yadda ya zauna. Na gaba gajere, na baya dogo, ya tokare shi. Yanzu ce Aba Baawa ki ji, sai ka ce akuya ta maƙale a shinge."

Baawa ba ta ji haushi ba, don ba ta san hanyar da ake bi a ji shi ba. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Fiifi ya ce miki wani abu ne?"

"Wannan? Yaron da ko gishiri zai ƙara a miya sai ya kalli fuskar matarsa? Ai Kukua ce za ta zaɓa, shi raɗawa kawai zai yi."

"To, Yaya, in faɗa miki gaskiya?"

"Faɗi, yau dai mu ji kin faɗi wani abu."

"Kukua yarinya ce mai sanyi. Tsoron bakinki take. Kwana bakwai ne kacal. Ki riƙe shi. Duk wanda ya taka ki, ki ce Allah ya yi masa albarka. Ni haka nake yi, ga shi shida gare ni."

Kwansima ta buɗe baki za ta gaya mata abin da take gani game da shidan nan, waɗanda duk cikinsu babu mai iya mayar da ruɓaɓɓen tumatir ga mai shi. Sai ta tuna gwangwanin hoda. Ta rufe bakin a hankali, ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Baawa ta firgita har ta kusa zamewa daga kan turmin.

Daga ranar garin ya shiga ruɗani. Ranar Asabar wani saurayi a babur ya watsa mata ruwan kwata a zane, ya tsaya ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya san zai biyo baya. Ta ce masa ya yi tafiya a hankali, uwarsa na buƙatarsa. Saurayin ya tura babur ɗin da ƙafa har gida, ya kwanta da zazzaɓi. Ranar Lahadi fasto ya sake maimaita wa'azin watan jiya, yana yi yana satar kallonta, ita kuwa tana gyaɗa kai tana cewa amin da ƙarfi, har ya rikice ya tsallake rabin. Matan bakin teku suka fara raɗe-raɗi cewa likita ya gaya mata wani abu. Wata ma ta aiko mata da ganyen magani, ta ce a dafa a sha sau uku.

Ita kaɗai ta san wuyar da take sha. Maganganu suna taruwa mata a maƙogwaro, masu kyau, gogaggu, kowace ta dace da mai ita, sai ta haɗiye su da yawu. Cikinta ya kumbura, abinci ya daina mata daɗi. Murmushin da ta ɗaura wa fuskarta kuwa bai san wurin zama ba, don fuskar ba ta saba da baƙo irinsa ba, yara suna ganinsa suna komawa bayan iyayensu.

Kullum da rana tana gidan Fiifi da kwanon fufu da miyar kifi. A can ne babban gwajin yake, don Maame Otuwa ta tare a gidan. Otuwa yayar mahaifiyar Kukua ce, ita ta zo wankan jariri. Shekara talatin rumfarta na jikin ta Kwansima a kasuwa, ita tana sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, Kwansima kifi, duk wanda ya sayi ɗaya sai ya sayi ɗayan, kuma a shekara talatin ɗin nan ba su taɓa gaisawa ba tare da an raba su ba. Yanzu ga Kwansima tana shigowa tana cewa, "Maame Otuwa, sannu da aiki, hannunki akwai albarka." Otuwa ta daina cin duk abin da ta kawo, sai ta fara ba kare ta ga yadda zai yi.

Kukua tana kwance cikin fararen kayan jego, tana bin ta da ido.

"Anti, lafiyarki kuwa?" ta tambaye ta ranar Litinin.

"Lafiya lau, 'yata. Na dai gane cewa duniya ba ta son hayaniya. Mace ta zama mai sanyi, mai haƙuri, shi ne ado."

"Ke kika faɗi haka, Anti?"

"Ni kuwa. Da can ƙuruciya ce."

Kukua ta gyara wa jaririyar zane. Kwansima ta fito tana murna a ranta, ta ce maganar ta shiga.

Talata ba a shiga teku, don haka kowa yana gida, 'yan barka suka cika tsakar gidan Fiifi. Ana cikin haka sai ga ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Madam Essilfua ce, da leshi da laima da gashin kanti har kafaɗa. Fiifi ke gyara injinan kwalekwalen mijinta, shi ya sa take ganin gidan kamar wani sashe ne na bayan gidanta. Da ta hango Kwansima ta ɗan ja da baya, amma labari ya riga ya kai mata cewa bakin ya mutu, kuma ta zo ne ta gani da idonta.

Ta leƙa fuskar jaririyar ba tare da ta taɓa ta ba.

"Ayya, 'yar mitsitsiya. Duk jiran nan wannan aka samu?" Ta juya ga Kukua. "Na ji yanka ki aka yi. To, haka ne, ba kowace mace ke iyawa ba. Mu dai namu biyar da kanmu muka durƙusa muka haife su, washegari muna daka. Na farko kin kasa riƙewa, na biyu kin kasa fitarwa. Fiifi dai yana da haƙuri."

 Kukua ba ta kalli Madam ba, ba ta kalli mijinta ba, wanda ya gano wani abu mai muhimmanci a ƙasan takalminsa. Kwansima ta kalla. Kowa ma ita ya kalla, har masu tsaye a ƙofa suka matsa don Madam ta samu hanyar gudu.

Maganar ta riga ta hau harshen Kwansima, cikakkiya, daga gashin kanti har dunduniya. Ba ta taɓa haɗa mai kyau irinta ba. Zuciyarta tana tafasa, don yarinyar nan ta ga mutuwa da idonta kafin ta kawo 'yar. Amma saura kwana biyu. Kwana biyar ta yi tana haɗiya, yanzu ta zubar da shi duka a gaban Kukua, a kan wannan mai laimar? Ta hango Baawa a gefe tana girgiza mata kai a hankali. Ta jawo murmushin nan ta ɗora, ta ɗauko kujera ta kakkaɓe da gefen zanenta.

"Madam, zauna mana. Allah ya yi miki albarka da kika zo. A kawo wa Madam ruwa."

Wani abu ya fita daga fuskar Kukua, amma Kwansima tana kakkaɓar kujera, ba ta gani ba.

Sai ga Otuwa ta fito daga banɗaki da bokiti a hannu, zane a ɗaure a ƙirji. Ita ba gwanar faɗa ba ce, muryarta siririya, in ranta ya ɓaci har in'ina take.

"Ke! Ke, ma-mai laima! Fita! Fita daga gidan nan! Ke ba ki da kunya! Mummuna! Fita na ce! Mu-mummuna kawai!"

Ta watsa ruwan wankan jariri a ƙasa, ya fallatsa wa leshin. Madam ta tattare zane ta fice tana cewa za a ji daga mijinta. Kwansima ta tsaya da kujera a hannu tana jin takaici irin na mai sana'a da ya ga an ɓata aiki. Mummuna har sau biyu, kamar babu wata kalma a duniya. Ga gwiwoyin matar nan a fili, ga maganar mijinta da kowa ya sani, duk Otuwa ta tsallake ta kama bokiti. Amma ta ce a ranta hakan ma ya yi. Yanzu Kukua ta ga wace ce mai hayaniya a cikinsu, ta ga kuma wace ce mai hankali.

Ranar Laraba ta fito da zoben ta goge shi da toka da lemun tsami, ta ƙulle a bakin farin zanen da za ta ɗaura. Da yamma Fiifi ya biyo ya gaya mata lokacin taro. Ya tsaya yana murza hularsa kamar mai son faɗin wani abu.

"Anti…"

"Kada ka faɗa mini, ɗana. Gobe a kunne, yadda aka saba."

Ya yi ajiyar zuciya ya tafi da sauri. Ta bi shi da kallo tana tausayinsa, yaro ya ƙagu ya faranta wa goggonsa rai.

Alhamis gari na wayewa tsakar gida ta cika da fararen kaya. An ajiye kofi biyu a kan tebur, ɗaya ruwa, ɗaya barasa. Madam Essilfua ma ta dawo, don mijinta ya ce ba zai rasa mai gyaran inji saboda leshi ba, ta zauna a layin gaba da sabuwar laima. Kwansima ta zauna a kujerar tsakiya, aka ɗora mata jaririyar a cinya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma ta damƙe yatsan Kwansima da ƙarfi, har tsohuwar ta ji idonta ya kawo ruwa. Fiifi ya sunkuyo, gumi na tsattsafo masa da sanyin safiya, ya kai baki kunnenta.

"Otuwa," in ji shi.

Ta ɗauka kiran Otuwa yake. Ta waiga ta ga Otuwa zaune can tana gyara ɗankwali. Ta dawo da kai.

"Me ka ce?"

"Aba Otuwa, Anti. Ki yi haƙuri."

Jama'a suna jira. Babu wanda ya ji abin da aka raɗa sai ita. Kuma kowa a Anomabo ya sani, sunan da goggo ta faɗa da ruwa a harshen jariri ya zauna ke nan, ba a sake shi. In ta ce Kwansima yanzu, Fiifi ba zai iya buɗe baki a gaban mutane ba, bai taɓa iyawa ba. Kukua za ta yi kuka kwana biyu ta haƙura. Kalma ɗaya ce, kuma tana nan a bakinta, kwana bakwai tana gwada ta a bayan murhu. Ta ji ƙullin zoben yana tokarinta a ƙugu.

Ta tsoma yatsa a kofin farko. Sai ta tuna abin da ake faɗa bayan sunan, abin da ta faɗa sau ashirin da uku ba ta taɓa sauraron kanta ba. Mako guda ta yi tana kiran barasa ruwa a garin nan, amma wa manya ta yi, su suka ga za su iya sha. Wannan kuwa ko kwana goma ba ta yi a duniya ba. Ta ɗiga mata ruwan a harshe.

"Aba Otuwa," ta ce, muryarta ta fita har titi. "In kin ce ruwa, ya zama ruwa ne."

Ta tsoma a na biyun. "Aba Otuwa, in kin ce barasa, ya zama barasa ce."

Sau uku ta yi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Jaririyar ta yamutsa fuska ta tsala ihu. Otuwa ta dafe ƙirji ta fashe da kuka, don ko a mafarki ba ta zata ba, ba ta ma tanadi komai ba, sai 'yan kunnenta ta cire ta ɗora a kan zanen yarinyar. Aka yi guɗa, aka fara miƙa kofuna.

Da Madam Essilfua ta yi shiru, da an tashi lafiya. Amma ta karkato laima ta ce, yadda layi uku za su ji, "Ayya, Anti Kwansima. An sake tsallake ki? Duk da ladabin nan?"

Kwansima ta miƙa wa Baawa jaririyar. Ta tashi. Ta kwance zanenta ta sake ɗaurewa tamau, waɗanda suka san alamar suka fara janye yaransu.

"Essilfua. Ke har kin isa ki yi maganar tsallakewa? Ke da mijinki ya gina bene hawa biyu, amma a rumfar kwalekwale yake barcin rana cikin ƙarnin kifi don kada ya haɗu da ke a matakala? Dubi fuskarki kamar gwanda, dubi gwiwarki kamar gindin tukunya, man bilicin bai kai can ba ne ko kuɗin ne ya ƙare? Biyar kika durƙusa kika haifa, ko? To ina suke? Wanne ne a cikinsu ya taka garin nan tun da ya samu kuɗin mota? Yarinyar nan an tsaga cikinta ta tashi da 'yarta a hannu. Ke ƙaya ta soke ki bara, sai da aka yi miki addu'a ta musamman a coci, da lasifika! Wannan gashin da ke kanki kuma, ki mayar wa dokin kayansa, yana can yana jin sanyi!"

Madam ta nemi ƙofa. A wannan karon laimar ta bari.

Kwansima ba ta gama ba, na mako guda ne ya taru. Ta juya kan Fiifi ta tambaye shi ko ya samu abin da yake nema a ƙasan takalminsa ranar Talata. Ta gaya wa Baawa ta tattara takwarorinta shida su buɗe shagon ba da haƙuri. Ta gaya wa Otuwa cewa tun da yanzu ta yi takwara, ta zo rumfa gobe a koya mata zagi, don mummuna sau biyu abin kunya ne ga mace mai shekarunta. Fasto ya ɗaga hannu zai sa baki, ta ce masa ya ajiye, ta san abin da zai faɗa, ta ji shi watan jiya. Matan bakin teku suna share hawayen dariya suna cewa Allah mun gode, ashe ba ciwo ba ne.

Da numfashinta ya ƙare ta juya, sai ta ga Kukua tsaye a ƙofar ɗaki, ta dafe wurin ɗinkin da hannu ɗaya. Dariya take, hawaye kuma na zuba. Kwansima ta nufe ta, don saura ita.

"Ke kuma, me na yi miki? Kwana bakwai ina haɗiyar wuta saboda ke. Ko kare ban ce wa tafi ba. Me kike so da ban yi ba?"

"Wannan, Anti," in ji Kukua. "Wannan nake so."

Kwansima ta tsaya.

"Ranar da Madam ta ce a gaban matan coci wai cikina kwando ne, ba ya riƙe komai, ni ko ɗaga kai na kasa. Ke kika tashi. A ranar na ce wa Fiifi, in Allah ya ba ni mace, Kwansima ce, ko duk dangi za su ƙi. Ba na son ta zama irina, Anti. Ni ko canji aka rage mini sai in ce na gode. Tun cikin yana wata biyar muke kiranta Aba Kwansima in ta motsa, ba mu ma san ranar da za ta zo ba, muka dai yi sa'a."

"To, me ya…"

"Sai kika zo kina cewa mace ta zama mai sanyi. Na ce wasa ne. Ranar Talata na kalle ki, na kalle ki, Anti, kika ɗauko mata kujera." Ta share fuska da bayan hannu. "Na ce wa Fiifi, Anti ta tsufa, abin ya mutu, kada mu ba yarinya sunan da babu kowa a ciki. Maame Otuwa ba ta iya ba, amma ta tashi."

A tsakar gida an kunna kiɗa, Otuwa tana juyi da jaririyar, mata suna kiran sabon sunan suna maimaitawa don ya zauna a baki.  Hannun Kwansima ya kai kan ƙullin zanenta, inda zoben yake, ya tsaya a can.

"Da shekaranjiya kika yi, Anti," in ji Kukua a hankali. "Ko rabin wannan ma ya isa."